Makullin da ke Wuyan Fergus

Ishbel Tulloch ba da niyyar malanta ta taso ba. A garinsu, can gaɓar gabashin Scotland, 'yar masunci takan gama makaranta ranar Juma'a, ranar Litinin ta ɗaure kai da farin ƙyalle ta shiga gidan yankan kifi. Haka ita ma ta yi. Ta cinye ƙuruciyarta a tsaye kan siminti mai sanyi, wuƙa a hannu, har yatsunta suka lanƙwashe. A can ta haɗu da Sandy, direban motar da ke kwasar kifin zuwa kudu, suka yi aure. Da kifi ya ja baya aka rufe gidan, sai ta samu aikin taya malamai a kwalejin garin, a sashen matasa masu jinkirin fahimta. Aikin nata a lokacin bai wuce goge baki da rakiya banɗaki da ɗaure igiyar takalmi ba. Ta zuba ido ta ga abin da malaman ke yi, ta ce a ranta ai wannan bai fi ƙarfinta ba. Ta shiga karatun yamma, tana gyangyaɗi a kan littattafai, sai da furfura ta fara leƙo mata sannan ta karɓi takardar malanta.

Ɗalibanta ba yara ba ne. Samari ne da 'yan mata da suka gama sakandare, wasu da gemu, wasu sun ɗara ta tsayi, amma da yawansu ba su taɓa tsallaka titi su kaɗai ba. Shekara uku suke yi a hannunta, daga nan a ce sun girma, kowa ya san inda dare ya yi masa. A cikin shekarun nan take koya musu hawa bas, da dafa romo, da sarrafa injin wanki, da yadda ake magana da likita. Amma abin da ta fi ba wa ƙarfi kalma ɗaya ce: a'a. Matasan nan a kan "to" aka raine su. Kowa ya ce zo, su zo. Kowa ya ce kawo, su miƙa.

Takan tsaya gaban ɗaya daga cikinsu ta ɗaure fuska. "Shona, ba ni wayarki."

"To."

"Haba Shona! Wayar taki ce ko tawa?"

"Tawa ce."

"Kina son ba ni?"

"A'a."

"To faɗa da ƙarfi, na tashar jirgin ruwa su ji."

Ajin ya ɗauki ihu da dariya. Ishbel ta ce musu, "Ku manya ne. Abin da ba ku so, ku ce ba ku so. Ba dole ne ku faɗi dalili ba."

Fergus Baird ya zo ajin ne riƙe da hannun mahaifiyarsa, Elspeth. Saurayi ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa a hankali, sai an kasa kunne. Elspeth ta haife shi ne bayan ta fid da rai da haihuwa, kuma mijinta Hector, wanda masunci ne, ya rasu yaron bai shiga makaranta ba. Tun daga nan duniyarta ta tsaya a kansa. Ranar farko ta tsaya bakin ƙofar aji tana gyara masa wuyan riga tana jero wa Ishbel dokoki: ba ya shan shayi da zafi, ba ya son a taɓa masa kai, bas kuwa kada ma a fara.

Ishbel ta ce, "Fergus, kai me ka ce?"

Ya juya ya dubi uwarsa.

Elspeth ta ce, "Malama, ni ce bakinsa tun ranar da ya faɗo duniya."

Ba su shirya da wuri ba. Duk abin da Ishbel ta ɗora, Elspeth ta sauke. Ranar da aka ce za a fara koyon hawa bas, ta zo kwalejin da kanta, ruwan sama na ɗiga daga rigarta.

"Ke ƙarfe huɗu na yi kin rataya jakarki kin tafi gidan mijinki," in ji ta. "Ni fa? Ni da yaron nan sai kabari."

Ishbel ba ta iya lulluɓe magana ba, gidan kifi bai koya mata wannan ba. Ta ce, "Kabarin wa zai riga? In naki ne, wa zai dafa masa?"

Elspeth ta tsaya kamar an mare ta. Ta juya ta fita ba sallama. Ishbel ta kwana da tunanin ta yi ɓaranɓarama, amma da safe sai ga Fergus da katin bas a aljihun gaba, an manne shi da fil don kada ya faɗi.

Daga nan abubuwa suka miƙe. Fergus ba shi da saurin ɗauka, amma abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan. Ranar da ya fara kai romon bandar kifi da dankali gida, wanda ya dafa da hannunsa, Elspeth ta bugo waya ta ce gishiri ya yi yawa. Sannan ta ƙara da cewa ta dai shanye. Tana yawan bugo waya haka, rabi ƙorafi rabi godiya, har Ishbel ta saba.

A shekararsa ta ƙarshe wayar ta ɗauke. Ishbel ta ɗauka tsohuwar ta saki ragama ne, har ta yi wa Sandy alfahari da hakan. Sai kuma Fergus ya fara zuwa da riga ba guga. Yakan kifa kai a tebur barci ya kwashe shi. Wata igiya ta bayyana a wuyansa, ƙarshenta a cikin riga, yana yawan dafa wurin da hannu. Ga kuma tambayoyi na ba gaira ba dalili.

"Ishbel, in mutum ya ƙi wanka, ya ake yi?"

Shona, wadda bakinta ba ya rufuwa, ta ce, "Kai ne mai ƙin wankan, ai tun daga nan muke jin ka!"

Wata rana kuma ya ce, "Ya ake taje wa mace gashi ba ta yi kuka ba?"

"Iye! Fergus ya yi budurwa! Wace mai tsautsayin ce?" in ji Shona.

Har Ishbel sai da ta dara. Ta nuna masa a kan gashin Shona: a riƙe daga sama, a fara tajewa daga ƙasa. Ya kalla da idon da bai taɓa kallon darasi da shi ba.

A lokacin hankalinta na kan wani abu dabam. Ta daɗe tana zarya gidan shayin da ke bakin tashar jiragen kamun kifi, tana lallashin mai gidan ya ɗauki ɗalibinta ɗaya aiki, aiki na gaske mai albashi, ba irin na je-ka-yi-kallo ba. Irin wannan dama ba ta cika faɗo wa ɗalibanta ba. Yawancinsu in sun gama, gida suke komawa su zauna gaban talabijin har ƙiba ta kama su. Da mutumin ya amince, ya ce Fergus yake so, don ya taɓa ganin yadda yake wanke tukunya. Ishbel ta kira shi ofis tana murmushi har kunne.

Fergus ya saurara, hannunsa a ƙirji. Ya tambayi lokacin tashi daga aikin. Ta ce sai yamma lis.

"A'a," in ji shi.

"A'a me?"

"Ba na so."

"Fergus, ka san wahalar da na sha kuwa? Me ya sa?"

"Kin ce ba dole ne in faɗi dalili ba. Ke kika ce."

Ishbel ta sallame shi, ta zauna tana huci. Ba ta yi shakka ba wannan aikin Elspeth ne, tsohuwar ta sake jan igiya. Ta buga waya gidan, ba a ɗauka ba. Da aka tashi aji, ta bar Fergus yana jiran bas, ta shiga motarta ta riga shi, don ta yi maganar da uwar ba a gabansa ba.

Gidan na cikin jerin gidajen ƙaramar hukuma da ke kan tudu, inda iskar teku ba ta barin shanya ta zauna lafiya. Ta ƙwanƙwasa. Ta ji takun silifa, sannan mariƙin ƙofa ya motsa, ya sake motsawa, ƙofar ba ta buɗe ba.

"Hector? Kai ne? Jirgin ya shigo?"

Ishbel ta durƙusa ta ɗaga murfin kafar da ake jefa wasiƙa. Elspeth ce tsaye, rigar sanyi a kan rigar barci, jaka a hannu kamar mai shirin fita unguwa. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Ni ce Ishbel, malamar Fergus."

"Yauwa, baiwar Allah, ko za ki buɗe mini? Wani ya kulle ni. Mijina na hanya, ban kai masa abinci ba."

Ishbel ta san irin wannan muryar. Mahaifinta ma da ciwon mantuwa ya tafi, ita ta yi jinyarsa har ya daina gane ta. Tana nan durƙushe tana lallashin matar ta kafar wasiƙa sai ta ji gudu a bayanta. Fergus ne, yana haki, ya hango motarta tun daga tasha. Ya tsaya, ya dube ta, ya dubi ƙofar. Sannan ya zaro igiyar daga cikin rigarsa. Makulli ne.

Cikin gidan zarnin fitsari ya fara tarbar ta, duk da ƙamshin sabulu da aka yi ta zubawa. Zannuwan gado a shanye kan kowace kujera. A tebur ga burodi da aka shafa wa man shanu aka rufe da faranti, ga shayi a kofi ya huce. Murhun gas ba shi da maɓalli ko ɗaya. Fergus ya buɗe jakar makarantarsa ya fito da su, ya mayar da ɗaya, ya ɗora romo. Gashin Elspeth an kama shi gida biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma a taje yake tsaf.

"Mama, zauna. Ga romo nan zuwa."

"Ka ga yaron kirki," Elspeth ta ce wa Ishbel. "Kullum sai ya zo. Ban san ɗan wane ne ba."

Fergus bai ɗago ba. Ya zuba romon, ya hura, ya ɗanɗana, ya ba ta cokali a hannu ya riƙe mata kwanon.

Sai da ta ci ta fara gyangyaɗi sannan suka koma kicin. Da ƙyar Ishbel ta tattaro labarin, don Fergus in ya tsorata maganarsa sarƙewa take. Abin ya fara tun bara. Da farko suna ne ke ɓace mata, sai ta fara barin tukunya a wuta. Wata rana ya dawo kwaleji bai same ta ba, ya bi gari yana kira, ya tarar da ita a ƙarshen gadar jirage, da rigar barci, ruwa na dukan dutse a ƙarƙashinta, wai tana jiran Hector. Washegari ya fara kulle ƙofa. Ba ta barci, shi ma ba ya yi. Wani lokaci takan yakushe shi in ya hana ta fita. Ya ja wuyan riga ya nuna mata.

"Wankan fa?" in ji Ishbel.

Ya sunkuyar da kai. "Rufe ido nake yi."

"Me ya hana ka faɗa mini, ɗana?"

"Ta sa na yi alkawari. Lokacin tana gane ni. Ta ce in sun sani za su kai ta gidan tsofaffi, ni kuma su kai ni wani wuri. Ta ce kada in bari." Ya kama hannun rigarta, abin da bai taɓa yi ba. "Kada ki faɗa. Ina iyawa. Kin ga ina iyawa. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba."

"Na gani."

"To ki ce ba za ki faɗa ba."

"Ba zan yi maka alkawarin da ban san zan cika ba."

Ta naɗe hannun riga ta yi wa Elspeth wanka da kanta, mace da mace. A nan ta ga abin da mai rufe ido ba zai gani ba: gyambo a ƙugu, ya fara ruwa. Ta wanke, ta shafa abin da ta samu, ta sa mata kaya masu tsabta. Elspeth ta shafa mata kumatu ta ce hannunta da laushi, ta tambaye ta ko tana da 'ya'ya.

A gida ta kasa cin abinci. Sandy ya saurare ta har ta kai aya, yana juya cokali a kofi.

"Dokar aikinku me ta ce?"

"Ka san me ta ce."

"To mene ne na zama?"

"Sandy, duk abin da na koya masa ya yi. Girki, wanki, cefane, bai bar ko ɗaya ba. Na ce masa shi babba ne, ya yarda, ya ɗauki kayan manya. Yanzu in je in ce musu su zo su ƙwace?" Ta ture kwanon abincin gefe. "Zan iya leƙa su kullum. Da safe kafin aji, da yamma kuma."

"Bel, ni na ga yadda jinyar babanki ta mayar da ke, kuma ku uku ne, ke da 'yan'uwanki, kuna karɓa-karɓa. Bar wannan ma. In wuta ta tashi a gidan maƙwabta da rana tsaka, matar na ciki, makullin na wuyan yaro a kwaleji, me za ki ce wa kanki?"

Tun tana durƙushe a bakin ƙofar nan ta san amsar, so take kawai wani ya faɗa.

Da sassafe ta koma kan tudun, ta same shi yana shirin juya makulli.

"Na zo in faɗa maka da bakina kafin kowa ya ji. Yau zan kira ma'aikatan jin daɗin jama'a."

"Na ce a'a."

"Na ji ka."

"Na faɗa da ƙarfi. A'a!" Har tsuntsayen da ke kan rufin suka tashi.

"Fergus, wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai ran Mama a ciki. Tana da ciwo a jiki da ke buƙatar likita."

Ya dube ta. "Ashe ƙarya kike koya mana."

Ishbel ta zauna a dakalin gidan ta buga wayar a gabansa, don kada ya ce ta yi a ɓoye.

Ma'aikatan ba mugaye ba ne. Matar da aka turo ta zauna da Fergus ta saurare shi, ta ce za su yi ƙoƙari kada a raba su. Likita ya zo ya duba gyambon. Aka sa masu jinya su riƙa zuwa safe da yamma. Amma abu ɗaya suka ce ba zai yiwu ba: ba a kulle mutum a gida shi kaɗai. Aka karɓi makullin, aka sa wata na'ura a ƙofar da za ta yi ƙara a ofis in an buɗe, kafin a samo wa Elspeth gurbi a wurin yinin tsofaffi. Elspeth kuwa ba ta yarda da baƙin fuskokin ba, tana zaginsu tana jifansu da kofi. Fergus ya ci gaba da zuwa kwaleji don an ce dole, yana zama a kujerar baya, in Ishbel ta yi masa magana ya dubi bango.

Gurbin bai samu da wuri ba. Wata rana da hantsi Elspeth ta buɗe ƙofa ta fita. Na'urar ta yi ƙararta, amma kafin wani ya iso ta gangara tudun, ta zame a matakalar coci da ruwan sama ya jiƙa, ƙashin ƙugunta ya karye. Daga asibiti ba ta sake komawa gida ba. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a wani gari can cikin ƙasa, inda ko ƙamshin teku ba ya kaiwa.

Saura maganar Fergus. Aka kira taro a ofishin ƙaramar hukuma, aka gayyaci Ishbel a matsayin wadda ta fi kowa saninsa. Ta shiga da shirin faɗa. Ta ce a bar shi a gidansu, a riƙa leƙa shi kawai. Saurayin da ya riƙe gida da marar lafiya wata da watanni ba zai kasa riƙe kansa ba. Shugaban taron ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da ke damunsu ke nan: ya ga haɗari bai nemi taimako ba, ya kulle marar lafiya ya tafi, kuma daga rahoton ita Ishbel ɗin suka san haka. Ga shi gidan mai ɗaki uku ne, iyalai na layi suna jiran irinsa. Ishbel ta ɗaga murya har sai da aka ce ta sassauta. Fergus na zaune a gefe cikin rigar da ya goge da kansa, ba a tambaye shi komai ba sai a ƙarshe, aka ce ko yana da abin cewa. Ya ce yana son hoton babansa da ke kan talabijin.

Aka mayar da shi wani gida da wasu maza biyu, da ma'aikata masu kwana da su. Bai ƙarasa kwalejin ba. Aikin gidan shayi Shona aka ba, tana can har yanzu tana cika masu jirage da surutu. Duk da haka, ranar bikin kammalawa Ishbel ta kai masa takardar shaidarsa har gida, ma'aikacin ya shiga ya fito ya ce ta yi haƙuri, wai Fergus ya ce a ce ba ya nan.

Shekara ta juyo, sababbin ɗalibai suka zo. Ishbel ta tsaya gabansu za ta yi darasin da ta saba, sai ta ji kalmomin sun yi mata nauyi a baki. Ta yi shi dai, amma ta ƙara da abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Wata rana za ku ce a'a, a ƙi ji. Ko ni ma zan iya ƙin ji."

Wani dogon saurayi ya ɗaga hannu. "To mene ne amfaninta?"

Ta ce su tafi shan shayi, za ta ba shi amsa in sun dawo. Da suka dawo ya manta, ita ba ta manta ba. Abokan aikinta duk sun ce daidai ta yi, shugabar sashe har ta yaba mata a taro. Sandy ya ce da ba ta faɗa ba, da wataƙila gawa za a tsamo daga teku. Duk ta yarda. Amma barcinta ya ragu, kuma ta daina bin hanyar tudun ko da ita ce mafi kusa.

Ta ji labari wurin ma'aikatan cewa Fergus na zuwa wurin uwarsa kusan kullum, tafiya mai nisa da canjin mota a hanya, ya zauna gefen gadonta har a ce lokaci ya yi. Elspeth ta ga wani sanyin hunturu, ba ta ga na bayansa ba.

Ishbel ta je jana'izar, ta zauna a layin baya. Mutane ba su da yawa. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a zauren coci ana shan shayi. Tana neman hanyar sulalewa sai ta gan shi ya nufo ta, cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta kumbura da kuka.

"Sannu, Fergus. Allah ya ba ka haƙuri."

Bai amsa gaisuwar ba. Da gani ya daɗe yana shirya abin da zai faɗa.

"Lokacin da nake kulle ta, ba ta taɓa faɗuwa ba."

"Haka ne."

"Da ba ki faɗa ba, da tana nan?"

Ishbel ta ajiye kofinta. Abu ne mai sauƙi ta ce masa a'a, ciwon ne, ba makawa. Amma ya riga ya kira ta maƙaryaciya sau ɗaya.

"Ciwon ba ya warkewa, Fergus, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Amma ko da ta ƙara kwana a gida tare da kai, wannan ban sani ba. Na yi ta tambayar kaina. Ban sani ba."

"In aka koma baya, za ki sake faɗa?"

"Zan sake."

Ya tsaya yana jujjuya maganar, kamar yadda yake yi da duk abin da ya ji. Sannan ya ce, "Ta gane ni ranar Lahadi. Ta ce Fergus." Ya juya ya koma wurin ma'aikacin da ya rako shi.

Ishbel ta ƙara 'yan shekaru a kwalejin sannan gwiwa ta sa ta ajiye aiki. Ɗalibanta na dā sun cika garin; ba ta iya zuwa kasuwa ba a rungume ta ba. Fergus yana nan a gidan da aka kai shi. Bai samu aiki ba, yana zuwa wurin yini inda suke shuka furanni a tukwane. Ranar Asabar sukan haɗu a babban kanti, shi da kwandonsa, ita da Sandy. Yakan tsaya ya ba Sandy hannu, su shiga hirar ƙwallo, Sandy na tsokanarsa cewa ƙungiyarsu ko akuya aka sa a raga sai ta fi mai tsaron gidansu, shi kuma yana cewa tsufa ne ya hana Sandy gani. Ita kuwa takan matsa gefe, ta ɗauki wani gwangwani tana duba bayansa, har su gama.